Luguden da ke cikin ƙirjin yaro

Duk wanda ya tashi a Ƙiru ko Bebeji ya san lugude: mata biyu ko uku a turmi ɗaya, wannan taɓarya na sauka, waccan na tashi, babu karo. Haka zuciya take aiki. Ɗakuna huɗu gare ta. Na sama su matse su tura jini ƙasa, sannan na ƙasa su matse su aika shi huhu da sauran jiki. Mai raba musu lokaci ɗan saƙon lantarki ne da zuciyar ke samarwa da kanta, fiye da sau 100 a minti ɗaya ga jariri.

Wasu magunguna in suka yi yawa, wannan saƙon suke rikitawa: kulorakwin, da ɗan'uwansa kwinin, da wasu ƙwayoyin hawan jini da ciwon zuciya da kakanni ke ajiyewa a ƙarƙashin filo. Saƙo ya makara, taɓare su yi karo a bakin turmi, kowacce na dukan gaban kanta. Ga motsi, ga ƙara, amma gero bai daku ba. Zuciya na kaɗawa, jini bai kai ƙwaƙwalwa ba.

Tun 2005 aka sauke kulorakwin daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro a Najeriya, amma bai bar kemis ba. Ƙwaya ɗaya ko biyu ta manya kan iya kashe ɗan shekara biyu. Saurinsa ne ya fi tayar min da hankali: yaro yana wasa, cikin sa'a ɗaya zuwa uku sai amai, gyangyaɗi, jijjiga, suma.

Kuma sau da yawa da kyakkyawar niyya ake cika wa yaro magani. Zazzaɓin damina ya kama yaro, uwa ta ba shi kulorakwin da safe, uba ya dawo daga gona ya ƙara, kaka ta ɓantaro rabin tata. Ko maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida da damina, akwai amodiyakwin a ciki, dangin kulorakwin ne. Na kwana uku ne, ba a haɗe shi rana ɗaya.

In abin ya faru, manja da madara ba sa gyara bugun zuciya, sa yaro amai kuma na iya shaƙe shi. Daga Doguwa, ta dajin Falgore, kafin a kai Asibitin Malam Aminu Kano tafiyar sa'o'i ce. A fara da asibiti mafi kusa, ko da yaron na dariya, a riƙe kwalin maganin, a faɗi ƙwaya nawa ya sha da ƙarfe nawa.