Yadda Ƙuri'u Ƙasa da 400 Suka Buɗe Baitulmalin Birnin Bell

Bell ƙaramin birni ne a kudu maso gabashin Los Anjeles, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Mutanensa ba su wuce 36,000 ba, galibinsu 'yan asalin Latin Amurka, talakawa masu neman na sawa a bakin salati. A watan Yulin 2010 jaridar Los Angeles Times ta bankaɗo cewa manajan wannan birni, Robert Rizzo, yana ɗaukar albashin dala 787,637 a shekara. A lokacin albashin shugaban Amurka Barack Obama dala 400,000 ne. Mataimakiyar Rizzo, Angela Spaccia, tana karɓar sama da dala 376,000, shugaban 'yan sandan birnin kuma dala 457,000.

A tsarin birane irin Bell, manaja ma'aikaci ne, ba jama'a ke zaɓensa ba. Kansiloli biyar da aka zaɓa su ke ɗaukarsa aiki, su yanka masa albashi, su sa masa ido. To me ya rufe musu baki? Huɗu daga cikinsu suna kwasar kusan dala 100,000 kowannensu a shekara, a aikin da ba ya hana mutum sana'arsa. Dama an ce idan baki ya ci, ido sai ya ji kunya.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne hanyar da kuɗin suka bi, domin ba taga aka fasa ba, ƙofar doka aka buɗe. Kalifoniya ta raba biranenta gida biyu. Akwai waɗanda ke bin dokar jiha kai-tsaye, inda aka ƙayyade albashin kansila gwargwadon yawan jama'a; a wancan lokaci, a birni kamar Bell abin bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli a wata ba. Akwai kuma waɗanda suka rubuta kundin mulkinsu na kansu, su ne ke da 'yancin tsara harkokin cikin gida, har da albashi. A 2005 majalisar jiha ta ƙara toshe wata kafa, ta taƙaita abin da kansiloli za su karɓa idan suka zauna a hukumomi da kwamitocin birni. Shekarar ba ta ƙare ba sai shugabannin Bell suka kira zaɓe na musamman, tambaya ɗaya tak a takardar ƙuri'a: ko birnin ya koma mai kundin kansa. Babu wanda ya bayyana wa jama'a cewa maganar albashi ce a ƙasa. Mutanen da suka jefa ƙuri'a ba su kai 400 ba, kuma suka amince.

Daga nan sai aka kasa kuɗin kashi-kashi. Albashin kujerar kansila ya zauna ɗan kaɗan yadda ba zai ja hankali ba, sauran kuwa yana fitowa daga hukumomi masu manyan sunaye: ta kula da shara, ta gidaje, ta rarar kadarorin birni, ta harkar kuɗi. Mambobinsu kansilolin nan ne dai. Wata hukumar takan buɗe zama ta rufe cikin 'yan mintuna, wata kuma a yi shekara ba ta zauna ba, amma kuɗin wata ba ya fashi. Kansila na biyar, Lorenzo Velez, dala 8,000 da 'yan kai yake samu a shekara, yana zaune teburi ɗaya da abokan aikin da suka ninka shi fiye da sau goma.

Talakan Bell ne ya biya. Harajin gidaje a birnin ya kasance cikin mafi tsada a duk gundumar Los Anjeles, har ya zarce na unguwannin attajirai. Binciken ofishin John Chiang, mai kula da asusun jiha a lokacin, ya gano an karɓi kimanin dala miliyan 2.9 na harajin da doka ba ta yarda da shi ba.

Da labari ya fita, jama'a suka cika zauren majalisar birni maƙil suna ihun a sauka. A watan Satumban 2010 aka kama jami'ai takwas, a Maris ɗin 2011 masu zaɓe suka yi wa kansilolin kiranye. A kotu kansilolin sun ce su Rizzo suka bi, kuma lauyan birni bai taɓa ce musu abin haramun ne ba. Wannan hanzari bai fisshe su ba. A Maris ɗin 2013, cikin kansiloli na lokacin da na baya da aka gurfanar, aka samu biyar da laifi, ciki har da magajin gari Oscar Hernandez, aka wanke mutum ɗaya. Sai dai a lura da abin da ya kama su: kuɗin da suka karɓa da sunan hukumar shara, wato lada babu aiki. Yawan albashi shi kaɗai da wuya ya kai mutum kurkuku matuƙar an bi ƙa'idar takarda, kuma a ganina nan ne raunin yake. Shugaban 'yan sandan ma ba a tuhume shi da komai ba. Rizzo bai musa tuhume-tuhume 69 ba, a 2014 aka ɗaure shi shekara 12 tare da umarnin mayar da kusan dala miliyan 9. Spaccia ta samu shekara 11 da wata 8.

Wani abin takaicin shi ne, alƙaluman nan ba sirri ba ne a doka. Dokar Kalifoniya ta bai wa kowa damar neman takardun hukuma, kuma da ita 'yan jarida biyu, Jeff Gottlieb da Ruben Vives, suka matsa har aka miƙa musu kwantiragin albashin. Aikin ya jawo wa jaridarsu lambar yabo ta Pulitzer a 2011. Bayan badaƙalar, jihar ta buɗe shafin intanet inda ake wallafa albashin ma'aikata da zaɓaɓɓun kowane birni da gunduma, duk mai so ya shiga ya duba.