Me Ya Hana Kwamfuta Ƙara Sauri?

Kwanan baya wani ɗalibina ya kawo mini kwamfutar da ya saya a nan Katsina, yana alfahari da lambar da aka manna mata, wai gigahaz 3. Da na tambaye shi ma'anarta, sai ya ce haka aka koya musu a sakandare: in lambar ta fi girma, na'urar ta fi kyau. Ni malamin ilmin halittu ne, amma amsar nan ta tsaya mini a rai.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan guntu da bai kai akwatin ashana ba, ana ce masa furosesa, shi ke yin lissafi. Aikinsa bisa bugu yake tafiya, tamkar zuciya. Zuciyar baligi takan buga kamar sau 70 a minti ɗaya. Gigahaz 3 kuwa bugu biliyan 3 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Furosesar farko da kamfanin Intel ya fitar a 1971 bugu 740,000 take yi. Pentium ta 1993 ta kai miliyan 60, a shekarar 2000 kuma kamfanin AMD ya cika biliyan ɗaya. Amma a 2004 sai Intel ya fasa fitar da mai gigahaz 4, ya tsaya a gigahaz 3.8. Tun daga nan tafiyar ta koma ta hawainiya.

Dalili shi ne zafi. Kowane bugu wutar lantarki yake ci, wutar kuma zafi take komawa, har abin ya fi ƙarfin fanka. Masu gasa sun zarce gigahaz 9 a 2022, amma sai da suka yi ta kwarara wa furosesar iskar da aka sanyaya har ta zama ruwa. Wannan wasa ne, ba abin aikin ofis ba.

Dabarar da injiniyoyi suka koma wa daga 2005 ita ce haɗa furosesa biyu, huɗu ko fiye a guntu ɗaya, su raba aiki. A nan ne abin ya ba ni sha'awa, domin haka ƙwaƙwalwarmu take. Ƙwayar jijiya ba ta wuce bugu 'yan ɗaruruwa a daƙiƙa, sai dai ƙwayoyin sun kai kimanin biliyan 86, suna aiki tare, kuma wutar da suke ci ba ta wuce wat 20 ba.

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta, saboda haka makarantunmu suka duƙufa wajen koyar da danna maɓalli da haddar sunayen sassa. Wannan bai wadatar ba ga yaron da ke burin karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman. A ganina, darasin zafi da lantarki na ajin fiziks, da lissafin yadda ake raba babban aiki gida-gida, sun fi masa amfani.

Ita kuwa kwamfutar ɗalibin nawa, nauyi take yi da rana. Furosesa takan rage gudu da kanta in ta yi zafi, ga shi a watan Afrilu Katsina takan kai digiri 40. Da muka kai ta wurin mai gyara, ƙurar hunturu ya tarar ta toshe fankar.