Ɗaukewar Wutar Lantarki da Katsewar Sadarwar Kwamfuta: Yadda Ake Gano Cutar da Yadda Ake Magance Ta



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aiki da kwamfuta a ƙasar nan ya san abin da ake nufi idan aka ce an ɗauke wuta. Hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta koma PHCN a 2005, sa'an nan a 2013 aka sayar da sassan rarraba wutar ga kamfanoni masu zaman kansu, amma har gobe idan fitila ta mutu, abin da yara kan ce shi ne NEPA ta ɗauke. Ko a watan Oktoba na 2024, jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu.

Abin da ya dame mu a yau shi ne abin da kan biyo bayan dawowar wutar. Sau da yawa kwamfutar tebur takan tashi lafiya lau, ana rubutu, ana buɗe takardu, amma ta ƙi haɗuwa da intanet ko da sauran kwamfutocin ofis. Akawun da zai aika da lissafin albashi sai ya zauna hannu rabbana, ɗalibin da wa'adin rajistarsa zai cika a ranar sai hankalinsa ya tashi. Daga nan sai a kira mai gyara, wani lokaci ya ce babban allon kwamfutar ne ya ƙone, a kashe kuɗi masu yawa a kan cutar da wataƙila cire filogi na minti ɗaya zai warkar. Saboda haka zan yi magana a kan abubuwa uku: mene ne katin sadarwa, ta yaya ɗaukewar wuta ke yi masa illa, kuma waɗanne matakai ne mutum zai bi da kansa kafin ya nemi mai gyara.

Mene ne Katin Sadarwa?

Katin sadarwa shi ne ɓangaren da ke mayar da bayanan kwamfuta su zama siginar lantarki mai bin waya, ya kuma karɓi na wasu ya mayar mata. Tsarin da yake aiki da shi, watau Ethernet, Robert Metcalfe da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro shi a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox a Amurka a 1973. A dā katin faifai ne mai zaman kansa da ake sokawa a cikin kwamfuta. A kwamfutocin yanzu kuwa, ɗan guntu ne da aka manna a jikin babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, kuma galibi ƙirar kamfanin Realtek ne ko Intel. Sunan kati dai ya bi shi.

Abin da ido ke gani daga waje shi ne ɗan rami mai kusurwa huɗu a bayan kwamfuta, inda ake soka kebul. A cikin kebul ɗin akwai ƙananan wayoyi 8, an murɗe su biyu-biyu, kuma ƙa'ida ita ce kada tsawonsa ya wuce mita 100. Ɗaya bakin kebul ɗin yana zuwa ga na'urar da ke rarraba sadarwa, wadda ake kira rauta. Tsakanin katin da manhajar Windows kuma akwai wata 'yar manhaja mai aikin tafinta, wadda ake kira direba. Ashe ke nan sarƙa ce mai zobe huɗu: rauta, kebul, kati, da direba. Ko wane zobe ya tsinke, abin da mai kwamfuta zai gani ɗaya ne, watau babu intanet.

Yadda Ɗaukewar Wuta ke Yin Ɓarna

Hanya ta farko ita ce ta ƙarfin wuta. Wutar da aka tsara wa gidajenmu bolt 230 ce, alhali kayan cikin kwamfuta da bolt 12 da 5 da 3.3 suke aiki. A daidai lokacin da aka dawo da wuta, ko aka juya daga janareta zuwa wutar layi, ƙarfin kan yi tsalle na ɗan ƙiftawar ido. Tsawa ma da damina takan yi haka. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan tsalle yana iya shigowa ta kebul ɗin sadarwa, musamman idan an ja shi daga wani gini zuwa wani. Idan haka ta faru, katin kan ƙone, sauran kwamfutar kuwa ta tsira.

Hanya ta biyu ita ce ruɗewa. Ko an kashe kwamfutar tebur, muddin filoginta na jikin soket, akwai 'yar wuta mai bolt 5 da ke ci gaba da gudana a cikinta, kuma katin sadarwa yana cikin masu shan ta. Idan wuta ta yi ƙasa-ƙasa, ko ta riƙa zuwa tana komawa, katin na iya maƙalewa a wani hali na rabin barci. Kashewa da kunnawa ba za su farkar da shi ba, domin ita waccan 'yar wutar ba ta yanke ba balle ya manta da ruɗewarsa.

Hanya ta uku ta shafi manhaja. Idan wuta ta ɗauke sa'ad da Windows ke tsakiyar rubuta wani fayil, direba ko tsare-tsaren sadarwa na iya lalacewa. Ta huɗu kuwa ita ce rashin tashi tare: kwamfuta takan riga rauta farkawa, ta nemi adireshi ba ta sami mai ba ta ba. A cikin huɗun nan, ta farko ce kaɗai ke bukatar sayen sabon abu.

Matakan Bincike

Likitan kirki ba ya fara da fiɗa. Yakan fara da tambaya da duba ido da harshe. Haka ma a nan, a fara da abin da ke waje kuma ba ya cin kuɗi, a gama da abin da ke ciki.

Mataki na ɗaya, a tambayi maƙwabci. Idan duk kwamfutocin ofis sun katse, to laifin yana ga rauta ko ga kamfanin da ke ba da intanet. Sai a kashe rauta, a jira kamar rabin minti, a kunna, a bar ta minti biyu ko uku ta daidaita, sa'an nan a tayar da kwamfutoci. A duba kuma cajar rautar, domin sau da yawa ita ce ke fara ƙonewa. Idan kuwa kwamfuta ɗaya ce kawai ta katse, sai a wuce gaba.

Mataki na biyu, a zagaya bayan kwamfuta a dubi ramin kebul. Yawanci akwai ƙananan fitilu biyu a gefensa: ɗaya na nuna an haɗu, ɗaya na ƙiftawa idan bayanai na wucewa. Idan suna ci, alama ce mai ƙarfi cewa kebul da kati suna da rai. Idan ba sa ci, a zare kebul a mayar har a ji ya yi ƙas, a gwada wani rami a jikin rauta, sa'an nan a ari kebul ɗin kwamfutar da aka tabbata tana aiki. Kowane gwaji a yi shi shi kaɗai, domin wanda ya canja abu uku a lokaci guda ba zai san wanne ne ya yi maganin ba.

Mataki na uku shi ne maganin ruɗewa, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. A kashe kwamfuta, a zare filoginta daga soket, a zare kebul ɗin sadarwa, sa'an nan a danna maɓallin kunnawa a riƙe kamar daƙiƙa 30 domin ragowar wutar da ke ciki ta tsiyaye. A mayar da komai, a kunna. Akwai kuma abin lura: tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, umurnin Shut down ba ya kashe komai ƙurmus, yakan ajiye wani sashe na tsarin domin saurin tashi. Umurnin Restart shi ne ke tayar da direbobi sabo fil, don haka a gwada shi ma.

Mataki na huɗu, a tambayi Windows ko tana ganin katin. A buɗe Device Manager, a duba ƙarƙashin Network adapters. Abu uku na iya faruwa. Idan sunan katin ya fito da 'yar kibiya mai kallon ƙasa, an dakatar da shi ne kawai, sai a mayar da shi bakin aiki. Idan ya fito da alamar motsin rai a cikin ɗorawa, direba ne ke da matsala, sai a cire na'urar daga jerin a sake tayar da kwamfuta, Windows za ta mayar da ita. Amma a kula, kada a zaɓi share direban kansa, domin babu intanet da za a sauko da wani. Idan kuwa sunan bai fito ba sam, sai mataki na gaba.

Mataki na biyar, a shiga BIOS, watau tsarin da ke fara aiki kafin Windows, wanda ake shiga ta danna F2 ko Del ko F10 a lokacin kunnawa, gwargwadon ƙirar kwamfutar. A nan akwai wurin kunna ko kashe katin da ke jikin allo, mai ɗauke da kalmar LAN. A tabbata a kunne yake. A dubi agogo kuma. A jikin madabod akwai ɗan batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, shi ke riƙe kwanan wata sa'ad da babu wuta. Idan ya tsufa, da an ɗauke wuta sai agogon ya koma shekarun baya. Kwamfutar da kwanan watanta ya kauce kuwa, shafuka da yawa ba za su buɗu mata ba, domin za ta ga takardun shaidar tsaronsu ba su dace da ranar ba. Mai ita sai ya ɗauka katin ne ya mutu, alhali ɗan batir ne ya ƙare.

Mataki na shida ya shafi adireshi. Kowace kwamfuta a kan sadarwa tana da lamba, kamar yadda kowane ofis ke da akwatin gidan waya, kuma rauta ce ke raba lambobin. A buɗe Command Prompt a rubuta ipconfig. Idan lambar ta fara da 192.168 ko da 10, to rauta ta ba da adireshi. Idan ta fara da 169.254, ma'anarsa kwamfutar ta yi sallama ba a amsa ba, sai ta laƙaba wa kanta lamba. A nan sai a rubuta ipconfig /release, a bi shi da ipconfig /renew. Bayan haka a rubuta ping tare da lambar da ke gaban Default Gateway, wadda ita ce ta rauta. In ta amsa, a gwada ping 8.8.8.8, lambar wata na'ura ta kamfanin Google. Idan wannan ma ta amsa amma shafuka ba sa buɗuwa da sunayensu, to kati da kebul lafiyarsu ƙalau, matsalar tana ga tsarin DNS mai fassara suna zuwa lamba. A Windows 10 da 11 akwai umurnin Network reset mai mayar da komai yadda yake tun farko. Sai dai ina jan hankalin ma'aikata: wasu ofisoshi da hannu ake rubuta wa kowace kwamfuta lambarta, don haka a kwafe lambobin a takarda kafin a yi wannan, ko a tuntuɓi jami'in da ke kula da na'urorin.

Mataki na bakwai shi ne yanke hukunci. Idan kebul mai kyau ne, ramin rauta mai kyau ne, an tsiyaye wuta, BIOS ya nuna a kunne, amma fitilu ba sa ci kuma Windows ba ta ganin katin, to lalle ya ƙone. Duk da haka ba dole ba ne a canja madabod. Akwai ɗan adafta da ake sokawa a ramin USB, akwai kuma kati mai zaman kansa da ake sa wa a ramin PCIe na cikin akwatin. Kowannensu kuɗinsa bai kai kusa da na sabon allo ba. Gargaɗi ɗaya: kada wanda ba gwani ba ya buɗe akwatin wutar kwamfuta, domin yana riƙe caji mai iya kisa ko bayan an zare filogi.

Rigakafi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Da zarar an ɗauke wuta, a kashe soket, kada a kunna sai ta dawo ta zauna na 'yan mintoci. Haka ma lokacin juyawa tsakanin janareta da wutar layi. Ofishin da ke da hali ya sayi UPS, watau na'ura mai batir da ke ba da damar a adana aiki a kashe kwamfuta cikin natsuwa, kuma a haɗa rauta a jikinta, domin tsare kwamfuta a bar rauta kamar rufe ƙofa ne a bar taga. Sitabilaiza tana gyara hawa da saukar wuta, amma ba ta riƙe kwamfuta idan an ɗauke. Idan hadari ya haɗu ana walƙiya, a zare kebul ɗin da ya fito daga wani gini. A ƙarshe, a sa ma'aikacin lantarki ya tabbata wayar ƙasa ta ginin tana aiki, domin na'urorin kariya ta nan suke zubar da rarar wuta.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa sadarwar kwamfuta sarƙa ce mai zobe huɗu, kuma ɗaukewar wuta na iya ƙona kati, ko ruɗa shi, ko ɓata direbansa, ko hana shi samun adireshi. Mun kuma ga matakai bakwai da ba sa bukatar komai sai ido da haƙuri. Ma'aikacin da ya san su zai tsare dukiyar jama'a da aka damƙa masa, ɗalibi kuma zai tsare 'yan kuɗin da iyayensa suka tara da gumi. Ko ta kai ga kiran mai gyara, wanda ya iya cewa fitilu ba sa ci, ko lambar ta fara da 169.254, ya riga ya rage rabin aikin, kuma da wuya a sayar masa da abin da ba ya bukata.