Sanarwa da Saitin Kusa a Kwamfuta: Matsalar Kalmomin Koyarwa

1.0 Gabatarwa

Tun shekarar 2015 da Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ya zama wajibi ga ɗalibin ƙauye ya san wannan na'ura kafin ya nemi shiga jami'a. Malamin da ke koyarwa a gari irin Gubuchi, a ƙaramar hukumar Makarfi ta ƙasar Zazzau, da Hausa yake yi wa ɗalibansa bayani, amma sau da yawa ba ya da tsayayyun kalmomin da zai yi amfani da su. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wani ɗan sashe na fuskar kwamfutar tebur, watau kusurwar dama ta ƙasa inda saƙonni ke ɓullowa, ta bayyana aikinsa, sa'an nan ta nuna cewa al'adar Bahaushe ta riga ta tanadi kalmomin da suka dace da shi.

2.0 Yadda Sashen Yake Aiki

Kamfanin Microsoft ya fito da Windows 10 a 2015 da wuri guda wanda ya haɗa saƙonni da maɓallan saiti. Da Windows 11 ta fito a 2021 sai aka raba su biyu. In aka danna maɓallin Windows tare da harafin N, jerin saƙonni ne zai buɗe. In kuwa da harafin A aka danna, maɓallan saiti ne za su fito. Kwamfutocin Apple ma suna da irin wannan rabo.

Saƙo yakan ɓullo a kusurwa, ya tsaya daƙiƙa 5, ya koma cikin jeri ya jira. Ana iya tsawaita wannan lokaci har zuwa minti 5 saboda mai karatu a hankali. Kowace manhaja tana da nata izini: mai kwamfuta na iya barinta ta ɓullo da ƙara, ko ta shiga jeri shiru, ko ya hana ta magana ɗungum.

3.0 Kalmomin Isar da Saƙo

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a wannan fage. Akwai sanarwa, da shela, da yekuwa, da gangami, da gargaɗi, da tuni. Shela da yekuwa na jama'a ne, daga hukuma suke fitowa, mai shela ya bi unguwa-unguwa yana faɗa. Gangami kira ne na a taru. Ba ɗayansu da ya dace da saƙon da ya zo wa mutum ɗaya a kan teburinsa. Saboda haka sanarwa ita ce kalmar da ta fi cancanta ta zama uwa, sauran su zama rassanta:

(a) tuni: sanarwar lokacin taro ko darasi;
(b) gargaɗi: sanarwar haɗari, kamar ƙwayar cuta ko cikar ma'aji;
(c) talla: saƙon da ya shigo da rigar sanarwa alhali ciniki yake nema.

Wannan rarrabewa tana da amfani ƙwarai. Wasu shafukan intanet sukan nemi izinin aiko da sanarwa, da zarar an ba su sai su riƙa turo gargaɗin ƙarya cewa kwamfuta ta kamu da cuta, don a danna a faɗa hannun 'yan damfara. Ɗalibin da ya san bambancin gargaɗi da talla zai fara duba sunan manhajar da ta aiko, ya koma saitin manhajar shiga intanet ya janye izinin.

4.0 Zaure da Sallama

Wurin da sanarwa ke taruwa ya yi kama da zaure. Baƙo ba ya kutsawa cikin gida. Yakan yi sallama, ya zauna a zaure, maigida ya fito in ya kimtsa. Don haka muna ganin "zauren sanarwa" ya fi "cibiyar sanarwa" kusa da tunanin ɗalibi, domin yana nuna wanda ke da iko, watau maigida.

Da wannan misali ne kuma za a bayyana maɓallin "kada a dame ni". In an kunna shi, baƙi na ci gaba da zuwa, amma a zaure suke tsayawa ba tare da ƙara ba. Kamar yadda akwai waɗanda ake tayar da maigida dominsu ko yana barci, haka ake iya ware 'yan manhajojin da za su wuce. Ana kuma iya sa shi ya kunna kansa a wasu sa'o'i, ko lokacin da aka haska fuskar kwamfuta a bango. Wannan na ƙarshe ya shafi malami kai tsaye, don kada wasiƙarsa ta sirri ta bayyana a gaban aji.

5.0 Saitin Kusa

Sashe na biyu ya ƙunshi maɓallan da ake yawan bukata: Wi-Fi, Bluetooth, ƙarfin sauti, hasken dare mai sauƙaƙa wa ido, da haɗawa da majigi. Kalmar saiti ta riga ta zauna a bakin makanikai da masu gyaran rediyo, babu dalilin korarta. Abin dubawa shi ne fassarar "saitin gaggawa". Gaggawa a Hausa tana ɗauke da ma'anar matsi, kamar a "taimakon gaggawa", alhali abin nufi a nan shi ne kusanci da hannu, tamkar alkukin da ake ajiye fitila a bangon ɗaki. "Saitin kusa" ya fi daidai, sai a kira babban shafin da ke ciki "saitin ciki".

6.0 Kammalawa

Aikin ƙirƙirar kalmomi ba sabo ba ne a Hausa. Littafin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa nazarin harshe da adabi wannan hidima. Fannin kwamfuta na bukatar irinta. Shawararmu ita ce malamai su gwada waɗannan kalmomi a aji, domin bakin ɗalibai ne zai nuna wadda za ta zauna da wadda za ta faɗi.