Lissafin da ake farawa daga amsa

A Bagadaza, wajen shekarar 820, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta shahararren littafinsa na aljabara. Cikin misalansa akwai wanda a yau ake rubutawa x² + 21 = 10x, ko da yake shi da kalmomi zalla ya bayyana shi, babu alama ko ɗaya. Amsoshinsa biyu ne, 3 da 7. Tara su ka sami 10, ninka su ka sami 21, wato lambobin da ke cikin tambayar.

Wannan ba dace ba ne. Wani lauya ɗan Faransa, François Viète, wanda ya rasu a 1603, ya fito da wannan dangantaka fili, har yau da sunansa ake kiranta. Ita ce ke ba ɗalibi damar bin hanya ta baya: a ba shi saiwoyi biyu, wato amsoshin, ya gina lissafin kwadiratik (mai x²) ɗin da ya haife su. In saiwoyin 3 da 7 ne, sai ya rubuta (x − 3)(x − 7), ya buɗe baka, ya sami x² − 10x + 21. Masu shirin jarrabawar WAEC da NECO sun san irin wannan tambaya sarai.

Sai dai akwai inda da yawa ke tuntuɓe, kuma nan ne ya kamata malamai su fi daɗewa. Ninka wancan lissafi da 2, ko da −5, saiwoyin ba za su gusa ba. Ashe saiwoyi ba sa nuna lissafi ɗaya tak, dangi guda suke nunawa: a(x − 3)(x − 7), inda a ita ce lambar da aka ninka da ita. Kafin a san a, dole a sami ƙarin bayani ɗaya.

Ɗauki mai tsaron gida da ya buga ƙwallo daga ƙasa, ta sauka mita 20 a gabansa. In aka ajiye batun iska gefe, saiwoyin su ne 0 da 20, tsayin ƙwallon kuma ax(x − 20), inda x ke nufin nisa daga inda aka buga ta. Amma ƙwallon da ta bi ƙasa-ƙasa da wadda ta lula sama duk suna iya sauka wuri ɗaya. To, a ce a tsakiyar tafiya, a mita 10, ta kai tsayin mita 5. Sai −100a ya zama 5, a kuma −1/20. Da wannan ana iya faɗin tsayinta a ko'ina: a mita 4 daga inda aka buga ta, tana tsayin mita 3.2, ta wuce kan kowane ɗan wasa.