Tambayar Hanya Tun Daren Litinin

Mai kai kaya kasuwar Talata Mafara a kan keke, daga ƙauyukan Bakura ko na Maradun, tun daren Litinin yake fara cigiyar hanya. Zai tare wanda ya dawo da yamma ya tambaye shi inda ruwa ya yanke, da inda yashi ke riƙe taya, da ko gefen magudanun Bakolori ya bushe. Abin da ya ji shi zai sa ya ɗaure buhu guda ko ya rage, ko ma ya tura ƙanensa mai ƙarfin ƙafa.

Masoya tseren keke na Tour de France ma da irin wannan cigiya suke cinye watanni. Tun 1903 aka fara wannan gasa. A yau zango 21 ne, tafiyar sama da kilomita 3,000 cikin watan Yuli, kuma duk shekara ana sauya hanya. Sai watan Oktoba ake baje taswirar a birnin Paris. Kafin nan garin tashi da zangunan farko kawai aka sani, sauran kuwa sai bin diddigi: an ji otal-otal na wani ƙaramin gari sun cika a wata rana ta Yuli, ko magajin gari ya yi suɓul da baka a jaridar yankinsu, ko an ga ana zuba sabuwar kwalta a kan wani tsauni. Da waɗannan ake harhaɗa taswira tun ba a fitar da ita ba.

Ni ina ganin wannan ƙwaƙƙwafi ya dace, domin hanya ce ke fara zaɓen gwani. Kowace ƙungiya mutum 8 take fitarwa. Idan tsaunuka sun yi yawa, irin su Alpe d'Huez mai lanƙwasa 21, sai a nemo sirara masu haƙurin hawa. Idan fili ya yi yawa, kakar masu fizgar gudu a ƙarshen zango ta yanke saƙa. A irin waɗannan zanguna ne Biniam Girmay, ɗan Iritiriya, ya yi nasara har sau 3 a 2024, ya kuma tafi gida da koriyar rigar gwanin tara maki.

Akwai tambaya guda da mutumin Maradun ke yi yanzu kafin ya yi ta yashi: hanya lafiya? Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun san nauyinta. Tun 1987 suke gudanar da Tour du Faso, wadda ke cikin manyan tseren keke na Afirka, inda jama'a ke jeruwa bakin titi cikin rana don ganin ayarin ya wuce. A 2022 rashin tsaro ya sa aka fasa ta ɗungurungum. Can mai hasashen hanya ba tudu yake lissafawa ba, garuruwan da ayarin zai iya kaiwa ya koma Wagadugu lafiya yake ƙirgawa.