Iwik: Ƙauyen da Cimarsa ke Fitowa daga Laka

Ƙauyen Iwik yana bakin Tekun Atilantika a ƙasar Muritaniya, tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu, inda rairayin Sahara ke gangarowa har cikin ruwa. Babu gona, babu kogi, ruwan sha ma da ƙyar ake samunsa. Duk da haka mutanen Imragen sun yi ɗaruruwan shekaru a wannan gaɓa suna rayuwa da kamun kifi kawai.

Teku a nan ba ta da zurfi. Ƙasa ce ta ci gaba da shimfiɗuwa a ƙarƙashin ruwa tafiyar kilomitoci masu yawa kafin ta rufta cikin zurfi. Sau biyu a yini ruwa ke janyewa, ya bar filin laka lulluɓe da ciyawar teku iya ganin ido, sannan ya dawo. Da wannan cikowa da janyewa ake tsara komai a ƙauyen: fitar jirgi, ɗinkin taru, har zaman shayi.

Arzikin yankin daga iska yake farawa. Iskar arewa na kore ruwan da ke sama zuwa tsakiyar teku, sai ruwan sanyi ya taso daga ƙasa ya maye gurbinsa. Wannan ruwa ɗauke yake da naitirojin da fosfaras, ragowar halittun da suka mutu suka ruɓe a can ƙasa. Aikinsa ɗaya da na taki a gona. Da ya haɗu da hasken rana, ƙananan tsirran da ido ba ya gani sai su yi ta hayayyafa suna zuƙar iskar kabon. Ƙurar Sahara kuma na zuba musu sinadarin ƙarfe. Kifi ya ci, tsuntsu ya ci kifi, abin da ya mutu ya nutse, wata rana ya sake tasowa.

A kusa da ƙauyen kuwa, ciyawar teku ce ke riƙe da gida. Ganyenta na rage ƙarfin ruwa, don haka duk tarkacen da ya shigo sai ya kwanta a gindinta. Cikin lakar babu iskar shaƙa, ruɓewa na tafiya a hankali, kabon ɗin da ya binne kan yi ɗaruruwan shekaru bai koma sama ba. Idan ka tona da hannu za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, warin wata guba ce da kan kashe saiwa. Za ka kuma ci karo da wasu ƙananan halittu farare masu ƙumba biyu, maƙale tsakanin saiwoyin. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa ƙwayoyin bakteriya da ke jikinsu ne ke cinye gubar, ciyawar kuma ta ba su abinci da iska. Masu ƙumban su kansu abinci ne ga wasu daga cikin tsuntsaye kusan miliyan 2 da ke tahowa daga Turai da Siberiya suna yin hunturu a nan.

Kifin mulet, wanda Imragen suka fi ji da shi, daga wannan laka yake kiwo. Idan lokacinsa ya zo a ƙarshen shekara, a al'adar iyaye maza kan shiga ruwa da ƙafa, taru a kafaɗa, su kewaye garken. A ƙauyen Mamgar, a da an san su da dukan ruwa da sanda, dolfin su taho su koro musu kifi. Sauran aikin na mata ne. Su tsaga kifi su shanya, ya zama tishtar. Su zare jakar ƙwai ba tare da ta fashe ba, su sa gishiri, su danne, su busar, don ita ce mai tsada. Kawunan kuma a dafa a fitar da mai. Ba abin da ake yarwa.

A 1976 aka mai da yankin gandun ƙasa na Bank Dargen, mai faɗin murabba'in kilomita 12,000, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1989. Imragen kaɗai aka yarje wa kamun kifi a ciki, kuma ban da inji. Da lansh suke fita, jirgin katako mai zanen da iska ke turawa.

Dokar na da nauyi a kan matashin da ke ganin masu inji suna tara kuɗi a Nuwadibu, inda masana'antu ke niƙa ƙananan kifaye su zama abincin dabbobi na ƙasashen waje. Amma ita ce ta hana a kwashe 'ya'yan kifin da ke girma a cikin ciyawar kafin su fita teku, ta kuma hana a tumɓuke lakar. Mutanen Iwik na tsaron abin da masunta na nesa ke ci daga gare shi, ga kabon da suke barin sa a binne don amfanin kowa. Wanda ke wannan aiki ya cancanci ruwan sha, makaranta da kasuwa mai adalci ga kifinsa, don kada talauci ya tilasta masa karya dokar da ke ciyar da shi.